Zane Uku a Kunnen Kik

Shekara talatin da ɗaya Mai Sikeli ya yi yana auna kaya a wani babban sito. Abin da ya fito da shi daga aikin, ban da ciwon gwiwa, shi ne imanin cewa duk ɗan Adam macuci ne, wanda bai cuta ba hanya ce bai samu ba. Ya ga buhun da aka yayyafa wa ruwa don ya yi nauyi. Ya ga dutse a tsakiyar damin auduga. Ya ga mai carbi a hannu yana danna sikeli da babban yatsan ƙafa. Ya ajiye aikin amma bai ajiye halin ba, har gwangwanin sukarin gidansa yana da alamar da ya yi masa daga ciki.

Motarsa ta girmi babbar 'yarsa, wadda yanzu take da 'ya'ya uku. Wata Talata da safe ya murɗa makulli, motar ta ce ƙas, ta yi shiru. Ya sake murɗawa, ta sake cewa ƙas.

Matarsa ce ta kira ƙaninta a waya. Shi ne ɗan autan gidansu, kuma ko da yake furfura ta fara cin gemunsa, kowa Auta yake ce masa, har a garejin da yake da rumfa. Tun ranar da aka sayi motar nan hannunsa kaɗai ta sani. Ya zo a kan babur, ya gaida yayarsa, ya leƙa cikin bonet, ya ce a murɗa. Sannan ya zura dogon ƙarfe ta gefen inji ya ƙwanƙwasa wani abu sau biyu.

"Murɗa kuma, Yaya."

Motar ta tashi.

"Kik ne," in ji Auta, yana goge hannu. Kik shi ne ƙaramin injin da ke juya babban inji idan an murɗa makulli. "Ya gama zamaninsa. Yau ya ji duka ya tashi, jibi ko da guduma ka bi shi ba zai kula ka ba."

"Ba baturi ba ne?"

"Baturinka ya fi ka lafiya."

"Ba waya ce ta saki ba?"

"Yaya, in kana so in ce taya ce, sai in ce taya ce. Amma kik ne. Ka kawo ta gobe da safe. Zan zaga yau in nemo, don irin na wannan kakar tamu ba a kowane shago ake samu ba."

"Sabo nake so. Ba na hannu ba, ba gyararre ba. Sabo."

"Na ji."

"Kuma tsohon nawa a dawo mini da shi."

"Ai ka san dokar garejinmu," in ji Auta, ya hau babur ɗinsa. "Ko ba ka ce ba."

Dokar kuwa kowa ya san ta. Duk abin da aka cire a motar mutum ana saka masa a buhu a miƙa masa. Bakaniken da aka kama ya wanke tsohon abu ya mayar ya ce sabo ne, a ranar zai kwashe kayan aikinsa ya bar rumfar, kuma babu roƙo. Da wannan dokar garejin ya yi suna.

Da la'asar Mai Sikeli ya shimfiɗa tsohuwar tabarma a gefen motar, ya ɗauki tocila da ƙaramin magagari, ya kwanta rigingine ya ja jiki ya shige ƙarƙashi yana nishi. Jikin kik ɗin ba ya ganuwa, wani faifan kwano da ke kare shi daga zafin salansa, wato bututun hayaƙi, ya rufe shi. Abin da hannu ke iya kaiwa shi ne kansa kawai, inda yake da kunnuwa biyu da aka ɗaure da noti a jikin inji. A kan kunnen ƙasa ya goga magagari sau uku, zane biyu a tsaye, ɗaya a karkace. Ya shafa baƙin mai a kai don kada su yi ƙyalli.

Da ya fito ya tarar da matarsa tsaye da bokitin wanki.

"Malam, me ka je nema a can ciki?"

"Ba nema na je ba. Ajiya na yi."

Ta ga magagarin, ta gane. Shekara talatin da biyar da aure ba kwana biyu ba ne.

"Autan ne za ka yi wa alama? Yaron da na goya?"

"Ba Auta na yi wa ba, ƙarfe na yi wa. In gaskiya gare shi, zane uku ba za su cije shi ba."

Washegari ya kai motar. Garejin fili ne babba mai ƙofa ɗaya, rumfuna a jere, ƙasa ta yi baƙi da mai. Ya so ya zauna a kan benci ya ga aikin da idonsa, amma Auta ya kore shi.

"Yaya, in kana tsaye a kaina ko noti ba na iya kwancewa. Numfashinka nake ji a ƙeyata. Je ka gida, ka dawo da yamma. Ina so in gama da taka yau, don gobe wani mai motocin rarraba kaya zai kawo mini guda ɗaya ya gwada hannuna. Shida gare shi. In ya ji daɗi, duka nawa ne."

Mai Sikeli ya tafi, amma bai ji daɗin korar ba. A hanya yana ta juya maganar. Mutum ya ce kada ka tsaya ka ga aikinsa, me yake ɓoyewa?

Da yamma ya dawo ya tarar an rufe bonet. Auta ya miƙa masa makulli. Murɗawa ɗaya motar ta tashi, tun kafin ya gama juya hannu.

"Ka ji ko? Amarya ta dawo," in ji Auta. "Sai dai akwai abin da zan gaya maka. Irin na motarka an daina yi, saboda haka wanda na samo..."

"Tsaya. Ba na son dogon turanci. Sabo ne ko ba sabo ba?"

"Ai shi nake so in bayyana maka, wato..."

"Kalma ɗaya. Na yi shekara talatin ina jin wato-wato a bakin sikeli. Duk wanda ya fara da wato, akwai dutse a buhunsa. Sabo ne ko ba sabo ba?"

Auta ya dube shi, ya yi dariya, ya ɗaga hannu sama.

"Sabo ne, ranka ya daɗe. Ga buhunka. A gaida mini yayata."

Ko riga bai cire ba da ya isa gida. Ya zazzage buhun a tsakar gida. Abin da ya zubo ba kik ba ne guda, tarkace ne: baƙin gwangwanin jiki, dunƙulen wayar jan ƙarfe da ta ƙone, 'yan guntayen gawayin cikin kik da suka cinye, da wasu ƙananan sukurori. Ya juya su ɗaya bayan ɗaya da tsinke. Babu kai. Babu kunnuwa. Babu zane.

Ya ɗauko tabarma da tocila. Ya jira injin ya ɗan huce, ya shige. Ya goge kunnen ƙasa da yatsa, ya haska.

Biyu a tsaye, ɗaya a karkace.

Ya daɗe a kwance yana kallonsu. Kuma gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce, ba baƙin ciki ya fara ji ba. Daɗi ya ji, irin na mafarauci da ya tarar tarkonsa ya kama. Mai zargi ba ya ƙaunar komai kamar ranar da zarginsa ya yi kama da gaskiya.

"Zo ki gani," ya ce wa matarsa. "Zo ki ga aikin yaron da kika goya. Ya ciro nawa, ya wanke, ya mayar. Ya tsinto mini shara a gareji ya cika buhu."

Ba ta durƙusa ba. Ta ce, "Ka kira shi ka tambaye shi."

"In tambaye shi don ya kwana yana saƙa ƙarya?"

"To bari ni in kira shi."

"Kika taɓa wayar nan, ke ma na san inda kika tsaya."

"Malam, ka ji tsoron Allah. Shekara nawa yana taɓa motar nan? Ya taɓa cutarka?"

"Ban taɓa yin alama ba sai wannan karon. Wa ya san na baya?"

Ta tsaya tana kallonsa.

"Me za ka yi?"

"Garejinsu yana da shugaba."

"In ka kai shi can, rumfarsa za su karɓe. 'Ya'yansa biyar. Ka sani?"

"Shi ya kamata ya tuna da su, ba ni ba."

Ta juya ta shiga ɗaki. 

Washegari da hantsi ya shiga garejin da motar, bai tsaya a rumfar Auta ba, ya wuce kai tsaye gindin bishiyar da shugaban makanikai ke zama. Ciyaman suke ce masa, dattijo ne da bayansa ya hana shi shiga ƙarƙashin mota, sai dai ya zauna a tsohuwar kujerar bas yana raba gardama. Mai Sikeli ya ajiye buhun a gabansa ya yi bayani da ƙarfi, irin muryar da ake so na nesa ma ya ji. Kafin ya gama, guduma ta daina ƙara a rumfuna uku.

Aka kira Auta. Ya taho da sifana a hannu, a bayansa kuma wani mutum mai tsabtar riga yana biye, mai motocin rarraba kayan nan, wanda farar motarsa ke tsaye a rumfar Auta da bonet a buɗe.

"Yaya, lafiya? Amaryar ta yi yaji ne tun yau?"

Babu wanda ya yi dariya. Ciyaman ya maimaita masa ƙarar a taƙaice. Auta ya dubi mijin yayarsa, yana jiran ya ga alamar wasa a fuskarsa. Bai gani ba.

"Alama ka yi mini?" ya ce a hankali. "Ni?"

"Zane uku. Biyu a tsaye, ɗaya a karkace. Kowa ya shiga ya duba."

"Kana da magana?" in ji Ciyaman, yana duban Auta.

"Kada a bar shi ya tsara mu da baki," Mai Sikeli ya katse. "A ciro abin kowa ya gani."

  Auta ya ajiye sifanar a ƙasa, ya harɗe hannuwa.

"Ba ni da magana. A ciro. Amma ba da hannuna ba."

Nan ya yi nasa kuskuren, don jimla biyu za su iya kashe wutar. Zuciya ce ta hana shi, kuma zuciya ba ta taɓa biyan kowa ba.

Ciyaman ya sa wani mai gyaran wutar mota daga can ƙarshen layi ya yi aikin. Mutumin ya cire kan baturi, ya shiga ƙarƙashi da tocila. Jim kaɗan muryarsa ta fito.

"Akwai zane uku, Ciyaman. Yadda ya faɗa."

Aka yi gunaguni. Mai Sikeli ya gyara tsayuwa. Mai farar mota ya dubi agogonsa, ya dubi Auta, ya koma rumfar a hankali ya sauke bonet ɗin motarsa da kansa.

"Ranka ya daɗe, ka ɗan jira mana," in ji wani bakanike. "Ai ba a gama ba."

"Ina da kaya a hanya," in ji mutumin. "Na ji abin da zan ji."

Ya tayar da motarsa ya fita. Auta bai ko juya ba, amma idonsa ya bi ƙarar har ta ɓace.

Salansa da zafi, notin sama kuma a lungu yake. Sai da aka kusa awa guda kafin mai gyaran wuta ya fito da kik ɗin a hannu, ya ajiye a kan buhu a gaban Ciyaman. Tun kafin a kwance shi makanikan da ke kusa suka fara kallon juna. Kan tsoho ne, ya dafe, ga zanen a kunne. Amma daga wuya zuwa ƙasa baƙin fenti ne mai sheƙi, ko ƙura bai gama ɗauka ba. Aka kwance dogayen sukurori biyu, aka zare hanjin. Wayar jan ƙarfe tana ƙyalli. Gawayin dogaye, ko gefensu bai goge ba. Man da aka shafa a masana'anta yana nan fari.

"Wannan ko sati bai yi yana aiki ba," in ji mai gyaran wuta. "Sabo ne fil."

"To zanena fa?" in ji Mai Sikeli. "Daga sama ya sauko?"

Sai a lokacin Auta ya motsa. Ya tafi rumfarsa ya dawo da wani abu a hannu, ya jefa a kan buhun. Kan kik ne sabo, fari tas.

"Ƙirga kunnuwan, Yaya. Kai ne gwanin ƙirga."

Uku ne. Na motar biyu.

"Irin na motarka an daina yi tun ina saurayi. Na zaga shago tara. Wanda jikinsa ya yi daidai, kansa ba ya zama a injinka, ramukan noti ba sa haɗuwa. Sai na cire sabon kan na ɗaura tsohon naka a sabon jiki. Kai ba ya lalacewa, ƙarfe ne kawai mai riƙewa. Duk wanda ke tsaye a nan ya yi haka ya fi sau ɗari."

"Haka ne," in ji wani daga baya. "Tsofaffin motoci ai sai da haka."

Ciyaman ya juya ga Auta. "Me ya hana ka gaya masa jiya?"

"Na fara. Sau biyu. Ya ce kalma ɗaya yake so."

"Haka aka yi?"

Mai Sikeli ya yi kamar bai ji ba. Ya sunkuya ya ɗauki sabon kan yana juya shi.

"In haka ne, wannan ma nawa ne. Me ya sa ba ya cikin buhuna?"

Wani ya yi tsaki. Auta ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Miya za ka yi da shi?"

"A'a, nan ya fi ka gaskiya," in ji Ciyaman. "Nasa ne, da ka saka masa. Da yana cikin buhun, wataƙila da ba mu taru a nan ba. Ka kiyaye gaba." Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Auta bai ci amana ba. Rumfarsa tasa ce. Kowa ya koma aikinsa."

Amma ba a watse ba, don an san da saura. Ciyaman ya dubi Mai Sikeli.

"Malam, dokarmu tana da gefe biyu, kai ɗaya ka sani. Wanda ya kawo ƙarar bakanike aka bincika ba a samu komai ba, babu mai ɗora hannu a motarsa a garejin nan sai wanda aka zarga ya yarda. Ga motarka, ga kik ɗinka a kwance. Magana tana wurin ƙaninka."

Mai Sikeli ya dubi tarkacen da ke kan buhu, ya dubi mai gyaran wuta. Mutumin ya riga ya tattara kayan aikinsa yana tafiya. Ya dubi sauran, kowa ya kau da kai. Ya yi gyaran murya.

"To, Auta. Abin ya wuce. Kowa yana kuskure. Ka mayar mini in tafi."

"Ya wuce?"

"Ai an wanke ka. Kowa ya ji."

"Ba kowa ba." Auta ya nuna rumfarsa, inda babu komai sai tabon mai a ƙasa. "Mutumin nan rabin farko ya ji. Zane uku ya ji, ya tafi da shi. Yana da direbobi shida, kowane direba yana da baki, kowane baki yana da majalisa. Kafin jibi, ni ne bakaniken da ya cuci mijin yayarsa. Wa zai kai musu rabin na biyu? Ciyaman?"

Auta ya matso kusa da shi.

"Da a gida ka kira ni ka zage ni, wallahi da na haɗiye, don albarkacin yayata. Ko marina ka yi, da na ce babba ne. Amma ka zo inda nake cin abinci."

"To me kake so? In durƙusa?"

"Gwiwarka ba ta da lafiya, riƙe abarka. Ka je ka nemo mutumin nan. Ka gaya masa da bakinka abin da ka gani a kan buhun nan, yadda ka ɗaga murya ɗazu. Ranar da farar motarsa ta dawo rumfata, a ranar zan ɗaura maka kik, ba sai ka tuna mini ba."

"In ya ƙi dawowa fa?"

"Sai ta zauna. Ba ta cin abinci."

"Ban san inda yake ba. Ko sunansa ban sani ba."

"Ni ma jiya na fara ganinsa. Ya ce sitonsa yana wajen gari, ta hanyar gada. Sito dai ai gidanka ne."

Auta ya ɗauki sifanarsa ya koma rumfa. Makanikai suka watse, guduma ta ci gaba. Mai Sikeli ya tsaya shi kaɗai a kan tarkacen. Can ya matsa kusa da Ciyaman ya rage murya.

"Waɗannan kayan, a nan za su kwana a fili? Wa zai kula da su?"

Ciyaman ya ɗago ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Malam," ya ce, "tafi."

Ya kulle ƙofofin motar ɗaya bayan ɗaya, ya taka zuwa bakin gareji yana ɗingishi. Rana ta riga ta take. Titin ya rabu biyu a wurin, kuma bai san ko wanne ne ke zuwa gada ba, don shekara da shekaru a mota yake bi, ba ya lura. Wata mata tana zaune a gefen ƙofa tana sayar da man inji a kwalabe. Ta ga duk abin da ya faru, ya sani.

"Baiwar Allah, farar motar nan da ta fita ɗazu, ina ta nufa?"

Ta nuna hagu da haɓa.

Ya tsaya yana kallonta, yana auna ko gaskiya ta faɗa. Babu wani da zai tambaya. Ya bi hagun.